Akuyar da Ke Kai Saƙo a Gidan 'Yardada

A unguwar Soron Ɗinki ta Kano kowa ya san 'Yardada ba ta rasa baki ba. Mace ce da in mai tallan itace ya tauye mata dami, za ta raka shi da magana har ya sha kwanar lungu, sannan ta dawo ta ƙarasa sauran ta kan katanga da maƙwabta. Ta taɓa wanke mai unguwa tas a kan maganar kwata, shi kuwa bawan Allah ya yi sati yana canza hanya. Amma akwai mutum ɗaya tak a duniya da bakin nan bai taɓa nufa ba, shi ne ɗanta na fari, Nata'ala.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Kunya ce, irin ta mutanen da. 'Yardada Bafulatana ce daga wani ƙauye a bayan Ɗambatta, aure ya kawo ta cikin birni, ta kuwa taho da kunyar gidansu cif, ko ɗigo ba ta zubar a hanya ba. A gidansu mace ba ta kallon ɗan fari ido da ido, ba ta kama sunansa, ba ta tsayawa ta yi masa magana. Matan birni ma suna yi, amma nasu na ɗan lokaci ne, yaro na tasawa sai a riƙa ɗan sassautawa. Ita kam ina! Tun ranar da aka yaye Nata'ala aka miƙa shi ga kakarsa, Nana Khadija, uwar ubansa. Tsohuwa ta goya, tsohuwa ta yi faɗa, tsohuwa ta kai makarantar allo. In 'Yardada na son ya yi wanka sai ta gaya wa tsohuwa. In shi yana son ƙarin miya sai ya gaya wa tsohuwa. A haka ya girma ya zama tela, ya kafa kekensa a soron gidan, gemu ya fito masa, shi da uwarsa ba su taɓa haɗa jimla ɗaya ba.

To, uban ya riga ya rasu da daɗewa, ƙannen Nata'ala duk mata ne, kowace tana ɗakin mijinta. Sai kuma Allah ya ɗauki ran tsohuwa. Gida ya rage daga 'Yardada sai Nata'ala sai Gwaggo Husaina, ƙanwar marigayi, wadda zawarci ya dawo da ita gida ya kuma manta da ita a nan. An gwada Husaina a matsayin 'yar aike, ba ta yi ba. In aka ce ta ce masa ya sayo gishiri, sai ta je ta ce uwarsa ta ce yaushe zai yi aure. In ya ce a ce yana zuwa, sai ta dawo ta ce ya ce shi ba yaro ba ne. Kafin a yi sadakar arba'in ɗin tsohuwa ta kusa haɗa yaƙi tsakanin mutanen da ba sa ko magana.

A nan ne aikin ya faɗa kan Kyalla.

Kyalla akuya ce ja mai farin goshi, turkenta yana tsakar gida daidai bakin ƙofar da ta fito daga soro. Wata rana 'Yardada ta gaji da jira, ta tsaya a kanta, ta ɗaga murya yadda za a ji har bakin titi.

"Ke Kyalla, tuwo dai ya huce. Wanda ya ga dama ya zo ya ɗauka, wanda bai ga dama ba kaji na godiya."

Daga soro sai aka ji keke ya tsaya cak. Can sai murya ta fito. "Kyalla, a ce ina zuwa, wuyan riga nake haɗawa."

Shi ke nan, hanya ta samu. Kyalla ba ta ƙari, ba ta ragi, ba ta kai gulma gidan suna. Ladanta dusa da ɓawon wake. Ta bakinta aka yi cefane, ta bakinta aka yi ɗinkin sallah, ta bakinta 'Yardada ta ji cewa masassarar damina ta sake shi. Har maƙwabta suka saba. In yaro ya shigo da aike ya tarar da ƙaton saurayi tsaye yana gaya wa akuya cewa miyar jiya ta yi yaji, ko kallo bai ishe shi ba.

Ana nan sai shekarar da soja suka ce za su koma bariki ta zo. Jam'iyyu suka ɓarke kamar ciyawa bayan ruwa. Motoci masu lasifika suka riƙa kutsawa lungunan da ko jaki sai ya karkata. Teloli kuwa kakarsu ta yanke saƙa, don kowace jam'iyya tana son tuta, tana son hula, tana son riguna iri ɗaya na 'yan rakiya. Wani abokin Nata'ala mai suna Tanko, ɗan Jakara, wanda da can ba a san sana'arsa ba sai zaman bakin kasuwar Kurmi, ya wayi gari shi ne shugaban matasan wata jam'iyya a unguwa. Shi ya riƙa kawo wa Nata'ala aiki dami dami. Keke ya daina hutawa. Soro ya cika da yadi da samari da gardama.

Wata la'asar 'Yardada na tankaɗen gari sai iska ta kaɗo wani ƙauri daga soro. Ta tsaya da rariya a hannu.

Husaina ta shaƙa ta yamutsa fuska. "Wannan sabon maganin sauron nasu ba daɗi. Na da ya fi ƙamshi."

'Yardada ta ajiye rariyar. Ta san ƙaurin nan kamar yadda ta san ƙaurin tuwon da ya kama. Ba maganin sauro ba ne, tabar wiwi ce. Kuma ba a birni ta fara saninta ba.

Tana da ƙane, Gwadabe, wanda yake bi mata. Yaro ne mai fara'a, ya bi motocin kaya zuwa Kudu bayan yaƙi, ya dawo da rediyo da takalmi mai tsini da wannan hayaƙin. Shi da abokansa suka riƙa sha a bayan gari, su yi ta dariya, su dawo su share ƙwaryar fura. Abokan nan yau duk magidanta ne, har da wanda ya je Makka. Gwadabe kuwa da fari barci ya ƙaurace masa, sannan ya fara cewa rediyo da shi take, sannan wata rana ya hau kan rumbu ya ƙi saukowa. Da aka kai shi asibiti, wani dattijon ma'aikaci ya tambayi ko an taɓa yin irin wannan a dangi. Aka sunkuyar da kai, don kowa ya san ƙanen babansu ya taɓa yi. Dattijon ya ce, "To ai shi ne. Tabar nan tartsatsin wuta ce. Wani gidan jinkarsa a jiƙe take, wani kuwa a bushe." Yau Gwadabe yana wani ɗaki a bayan gidansu na ƙauye, shiru shiru, ya wuni yana share wuri ɗaya. Su kuwa dangi suka haɗa baki aka ce ya tafi gabas neman ilimi. Uwarsu ta sa 'Yardada ta yi alkawarin ba za ta bari dangin mijinta su ji ba, kada a ce akwai hauka a jininsu, 'ya'yanta mata su rasa manema. Shi kansa Nata'ala abin da ya sani ke nan, yana da kawu malami a gabas, har yakan yi alfahari da shi.

Tsoro ya kama 'Yardada, tsoro na gaske. Ga jinka a bushe, ga tartsatsi a soro, ga ta ita kaɗai ta sani. Amma yaya za ta yi? Wannan ba maganar da ake ba akuya ba ce a tsakar gida, Husaina na zaune da kunnuwa kamar faifai. Sai ta ɗauko hanyar da ta iya, wato habaici.

Washegari da ta ji samari sun watse, ta ɗebo harawa ta tsaya kan turke.

"Ke Kyalla, ki bar ganin kowa na cin ganye ki ce ke ma sai kin ci. Ba kowane ganye ne na cikinki ba. Akwai wanda tumakin maƙwabta za su ci su yi ƙiba, ke ki ci ki kumbura. Na dai gaya miki."

Kyalla ta fizge harawar tana tauna. Daga soro aka yi dariya, wata irin doguwar dariya da 'Yardada ba ta san shi da ita ba.

"Kyalla, a gaya wa masu gida su kwantar da hankalinsu. Ganyen nan na aiki ne, yana sa ido ya ga zare. Tanko ya fi shekara biyar yana sha, ga shi nan garau, har manya na kiransa taro. Kuma a ƙara tuwon dare, wanda ake zubawa ba ya kai ko'ina."

"Ke Kyalla, ke ba Tanko ba ce."

"Kyalla, ai na san ke ba Tanko ba ce, Tanko ba shi da ƙaho."

Ya sake kecewa da dariya, keke ya ci gaba da ƙara. 'Yardada ta ji kamar ta rufe akuyar da duka, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Da habaici ya ƙi ci, ta rufe ido ta aiki Husaina. Ta ce mata ba maganin sauro ba ne, ta je a matsayinta na gwaggo ta ja masa kunne. Husaina ta gyara ɗaurin ɗankwali ta nufi soro kamar mai zuwa kama ɓarawo. Ta daɗe. Da ta dawo sai ga ta da sabon yadi a kafaɗa, tana murmushi.

"Ke dai 'Yardada kin cika tsoro. Yaron nan ya yi mini bayani. Ashe maganin sanyin ƙashi ne, har likitocin Turai na ba da shi. Ni ma da ba don hayaƙi na sa ni tari ba, da na gwada wa gwiwar nan tawa. Dubi abin da ya ba ni, wai ragowar tuta ne, zai yi zane."

"Allah ya shirye ki, Husaina."

"Amin, mu duka."

Saura Tanko. Shi kam ba ɗan farinta ba ne, babu kunyar da ta tsare shi. Ta yi kwanton ɓauna har ranar da Nata'ala ya tafi Kurmi sayen zare, Tanko ya shigo soro yana fito. Bai ankara ba sai ganin mace ya yi a kansa da muciya, ɗanyen talge na ɗiga.

"Kai ɗan gidan uban waye da za ka mayar mini da soro gidan hayaƙi?"

"Inna, Allah ya ba ki haƙuri, ai..."

"Ban haife ka ba, kada ka ce mini Inna! Ka kwashe tsiyarka ka kai soron gidanku!"

Tanko ya maƙale a bango yana kare hularsa. "Wallahi Inna babu komai a ciki. Mu nawa muke sha? Dubi ni. Akwai abin da ya same ni?"

"Kai dama me ke gare ka da wani abu zai sama? Abincin wani gubar wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"To ina yake yoyon, Inna, a toshe?"

'Yardada ta gyara riƙon muciya. Amsar tana kan harshenta, alkawari ya danne ta. Sai ta huce a kan kafaɗarsa, ta sauke masa muciya sau ɗaya mai kyau. Tanko ya fita da talge a riga, ya je ya gaya wa mutanensa 'yan hamayya ne suka tare shi. Abin da ta samu kawai shi ne hayaƙin ya tashi daga soro ya koma bayan ganuwa. Nata'ala yakan fita da la'asar ya dawo ido jajir.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa, a hankali, yadda ba mai lura sai wanda ya taɓa gani. Dariyar ta ragu. Tuwon da ake ƙarawa ya fara dawowa ba a taɓa ba. Da safe in ta leƙa ta tarar da fitilar soro ba a kashe ba, tabarmarsa a naɗe yadda take jiya. Ya toshe tagar soro da ƙyalle. Ya ɗinka hulunan wata jam'iyya ya haɗe bakinsu ruf, babu inda kai zai shiga, ya ce haka ya fi, kada a ji abin da mutum ke tunani. In motar lasifika ta wuce sai ya tsayar da keke ya kasa kunne, fuska a ɗaure.

To amma wa zai lura? A daminar nan ai Kano gaba ɗaya kanta ya ɗan taɓu. Wa ya ƙi gaisawa da ƙane saboda tuta. Wani dattijo a Jakara ya shafe jakinsa da launin jam'iyya. Mutanen da aka sani da kamun kai suna tsayawa a bakin masallaci suna ihu har rawani ya warware. A cikin wannan hayaniya, tela ɗaya da ba ya barci kuma yana zargin lasifika ai mai hankali ne.

"Siyasa ce ta hau kansa," in ji Husaina. "Ana gama zaɓe za ta sauka."

Hirarsa da Kyalla kuwa ta ƙaru. Da can daga soro yake jefo magana, yanzu fitowa yake ya tsuguna a gabanta yana ƙus ƙus. Husaina ta ce, "Kin gani ko, yaron nan ya fara sakin jiki da ke." Ita ma 'Yardada, Allah ya sani, abin ya ɗan yi mata daɗi. Takan laɓe a bakin madafa tana kasa kunne, ta ce ko wani saƙo ne yake jin nauyin ɗaga murya a kansa. Ba ta jin komai sosai. Sai ta ƙara yawan nata saƙon, safe da yamma, tana gaya wa Kyalla ta ji tsoron Allah, ta yi barci, ta bar bin 'yan iska.

Ranar wata Asabar aka sake yin zaɓe, don a jere aka riƙa yin su, mako bayan mako. A shekarar ne aka fara cewa mata ma su fito su dangwala, 'Yardada kuwa ba ta bari an yi babu ita ba ko sau ɗaya. Husaina ta je na farko, tawada ta ƙi fita daga babban yatsanta, ta kwana uku tana shakkar alwalarta, ta rantse ba za ta ƙara ba. Don haka 'Yardada ta yafa mayafi ita kaɗai, ta ratsa ta soro. Nata'ala na zaune kan keke, ya janye ƙafa ta wuce, kowa ya kau da kai kamar yadda aka saba.

Layin mata ya yi tsawo, ga hadari ya haɗo. Ta dangwala, ta yi faɗa da wata da ta taka mata zane, ta kamo hanya ana yayyafi. Da ta shigo soro babu kowa. A kan keke ga wani dogon abu ya zubo har ƙasa, tutocin jam'iyyu daban daban an ɗinke su a jikin juna, layi a kan layi, har allura ta karye a ciki. Daga tsakar gida take jin muryarsa.

Husaina na zaune a bakin rumfa tana tsintar wake. Ta ɗago ta ce, "Yawwa, gara da kika dawo. Tun fitarki yake ba ki saƙo, ni har na gaji da ji. Sai ki zo ki karɓa da kanki."

"Ni?" in ji 'Yardada. "Ni da na wuce ta gabansa ya ga fitata?"

Husaina ta waiwaya ta dubi wajen turke. Hannunta ya tsaya a cikin wake.

Nata'ala na tsugune a cikin yayyafi, rigarsa ta jiƙe, ya riƙe igiyar Kyalla da hannu biyu. Bai ji shigowar kowa ba.

"Ƙarya kike yi," yake cewa. "Ban sayar da su ba. Na ɗinke su ne don su daina faɗa." Ya karkata kai, yana sauraro. Akuya na tuƙa abinta. "To in ba ke ba, wa ya ba mai lasifika sunana? Ke kaɗai kika san abin da ake faɗa a gidan nan." Ya sake kasa kunne. Sai ya girgiza kai da ƙarfi. "A'a. Ba zan hau ba. Jiya ma kin ce in hau soro, na ce miki da santsi."

'Yardada ta tsaya cak. Rumbun gidansu ta gani, da mutane a ƙasa suna roƙo. Amma sabo mugun abu ne. Da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa.

"Ke Kyalla, a tashi daga cikin ruwa..."

Nata'ala ya zabura ya ja da baya har ya faɗi zaune a cikin taɓo. Bai waiwayo inda take ba. Akuyar yake nunawa da yatsa.

"Gwaggo, kin ji ko? Kin ji ta? Na gaya miki tana yi! Da rana da wannan muryar, in kowa ya kwanta ma da ita. Ba ta bari in runtsa. Yau kam kin ji da kunnenki!"

Sai a lokacin 'Yardada ta gane abin da ta yi. Duk faɗan da take aikawa safe da yamma, duk habaicin nan, shi ba daga bakin madafa yake jin su ba. Muryar uwarsa ce ke hana shi barci, kuma a bakin akuya ya san ta, don ba ta taɓa zuwa masa ta wata hanya ba.

Ta ajiye mayafinta a kan turmi. Ta taka cikin ruwan, ta zagaya, ta shiga tsakaninsa da akuyar, ta durƙusa a taɓo har gwiwoyinsu suka kusa haɗuwa. Ta ɗaga ido ta dube shi. Ashe yana da ɗan tabo a gefen gira, ba ta san yaushe ya samu ba.

"Nata'ala," ta ce.

Kwanon wake ya kife. "La'ilaha illallahu!" in ji Husaina. "'Yardada, ɗan fari ne fa!"

"Na sani. Ni na haife shi."

Shi kuwa ya ƙura mata ido, sannan ya leƙa ta bayan kafaɗarta yana neman akuyar. "Gwaggo, kin ji kuma," ya ce a hankali. "Yanzu har suna take kira."

Ta sa hannu biyu ta kamo fuskarsa ta juyo da ita. Fatar da zafi, ga ƙashin kumatu duk ya fito.

"Ba ita ba ce. Dubi bakina. Ni ce nake magana, kuma da kai nake. Akuya ba ta taɓa ce maka komai ba, duk ni ce. Wanda kake ji in kowa ya kwanta kuwa ba ni ba ce, ba ita ba ce, ciwo ne. Ka ji ni da kyau. Kawunka Gwadabe ba ya gabas, ba ya karatun komai. Yana ƙauye a ɗakin bayan gida, hankalinsa ya taɓu. Abin da kake sha shi ya sha. Abokansa sun sha sun tashi, shi bai tashi ba, don abin yana jininmu, ƙanen babana ma ya yi. Tanko zai sha ya mutu da tsufa. Kai ba Tanko ba ne, kai ɗana ne, jinina ne a jikinka. Da na gaya maka tun ranar da na ji ƙaurin nan, da ba mu kai nan ba."

Ta faɗa da ƙarfi, yadda take wa mai itace, ba ta rage murya don Husaina ba, ba ta rage don katanga ba. Ta san kafin magariba rabin Soron Ɗinki sun ji cewa akwai hauka a dangin 'Yardada. Su ji.

Husaina ta taso tana share ido da gefen sabon zanenta na tuta. "Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ki rufe ni? To ai sai a tashi. Bari in samo mota, asibiti za mu tun bai yi nisa ba." Ta fita ko takalmi babu, tana ƙwala wa maƙwabta kira.

Nata'ala bai motsa ba. Idonsa na kan bakin uwarsa, kamar mai jiran ya ga ko zai sake motsi. Ruwa na bin gemunsa.

"Sake faɗa," ya ce.

"Me zan sake?"

"Ko me. In ga yana fitowa daga nan."

"Tashi mu tafi, Nata'ala. Ka jiƙe."

Ya kama hannunta ya miƙe, ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, amma nauyinsa duk a kanta yake. Suka ratsa soro suka fita lungu. Mata sun firfito bakin ƙofofi, masu dawowa daga zaɓe sun tsaya da tawada a yatsu, ana kallon 'Yardada ba mayafi, taɓo har gwiwa, riƙe da hannun ɗanta na fari a tsakiyar rana. Wata tsohuwa ta kama haɓa. Can a bakin titi motar lasifika ta kunno kai tana ihu, ta ji hannunsa ya ƙanƙame nata, ƙafarsa ta tsaya.

"Ba da kai suke ba," ta ce. "Ni za ka saurara."

Ta ci gaba da yi masa magana, ba ta bari an sami shiru ba. Da nasiha ta ƙare sai ta kama abin da ya zo bakinta, tsadar manja, yoyon ɗakin Husaina, matar da ta taka mata zane a layi, da irin amsar da ta ba ta. Shi kuwa yana tafe yana kallon gefen fuskarta, har suka kai inda motar ke jira.